Tsinke

Shekara talatin da ɗaya ina soke nama a tsinke
a gindin gadar Obalende,
inda motocin danfo suka riga ni koyon tari.
Hayaƙin tukuba ta gaba, na janareton mai aski ta baya,
ni a tsakiya ina fifita.
Wanda ya sayi tsirena ya tafi da ƙamshin,
ni na koma gida da sauran.

Daminar bana ta zo karɓar bashi.
Daren Talata ƙirjina ya cushe
kamar kwatar layinmu bayan ruwan sama:
hanya tana nan, leda ce ta tare ta.
Na yi tari har zakaran maƙwabta ya ɗauka asuba ce.
Kakin ya ƙi motsi, ya miƙe ƙafa
kamar ɗan hayar da ya gane mai gida ya tsufa.
Ko Fatiha sai da na raba ta gida huɗu.

Sallau, autana, ya tari keke.
Daga ɗakinmu na Idi-Araba zuwa asibiti
tafiyar shan shayi ce,
amma a daren nan na yi zaton Daura za mu.

Suka rufe mini hanci da wata 'yar roba mai huci,
suka yi allura, suka ƙirga bugun jini a yatsa.
Da safe nas Morenike ta zo,
da Hausarta ta kasuwar Agege,
ta jefa ƙwaya a kofin ruwa.
Ta yi cuuu, kamar kitse ya ɗiga a garwashi.
Warinta kuwa, ɓaragurbi sak.
Ta ce, Baba, sha, wannan zai tsinka majinar.

Na yi dariya, dariyar ta rikiɗe tari.
Tsinke ya ciyar da 'ya'yana shida,
jiya zuciyata ta tsinke a cikin keke,
yau kuma ana roƙon majina ta tsinke.
Kalma ɗaya, ta bi ni har gadon asibiti.

Likitan bai yi mini romon baka ba.
Ya ce, ka san kunun da ya kwana?
Ba a zuba shi, sai an ƙara ruwa an dama.
Aikin ƙwayar ke nan, ba ta wuce nan ba.
Ba ta ɗinka huhu, ba ta mayar da shekara talatin.
Na shaƙa yana nan, kada ka yar da shi.
Ka sha ruwa. Ka zauna ka yi tarin, kada ka haɗiye don kunya.
Sai ya tambayi sana'ata.
Na faɗa. Ya daɗe yana kallon biro.

Kwana na uku, kafin kiran salla,
wani abu ya saki can ƙasa,
kamar an zare toshiyar randa.
Na tofa a gwangwanin da suka ba ni,
na duba shi yadda nake duba nama a mayanka:
jiya kore, yau ya fara fari.
Ban taɓa sanin mutum zai gode wa Allah
a kan abin da ke cikin gwangwani ba.

Na ja iska. Ba ta cika ba,
amma ta kai inda ta kwana biyu ba ta leƙa ba.
Na karanta Fatiha, na tsaya sau ɗaya tak.

Sallau ya zo da yamma, rigarsa tana warin gawayi.
Ya ce ciniki ya yi kyau, har an tambaye ni.
Na riƙe hannun rigar na shinshina.
Na ce, gobe ka juya tukubar,
iskar teku ta riƙa dukan bayanka.
Ya ce, Baba, ai masu saye ta can suke fitowa.
Na ce, su zagayo.